Kaza Da 'Ya'yanta A Tsakar Gidanmu

A nan Illela, bakin iyaka da Ƙwanni, babu tsohon da bai san Kaza da 'Ya'yanta ba. Amma ran da muka tambayi 'yan ajinmu ko wa zai iya nuna mana ita a sama, ba wanda ya ɗaga hannu. Abin ya dame mu ƙwarai. Sunan da kakanni suka riƙe, wanda Littafin Ayuba da na Amos suka ambata, ashe a hannunmu zai ɓace?

Sai muka ari kyamara mai dogon gilashi da ƙafafunta uku wurin wani ƙanenmu mai ɗaukar hoton biki. Muka zaɓi watan Nuwamba, damina ta wuce, hazo bai yi kauri ba tukuna, babu farin wata. Ba mu fita daji ba, gama dare a bakin iyaka ba abin wasa ba ne. A tsakar gida muka zauna da yara, aka kashe fitilu.

Daren fari muka bar idon kyamara a buɗe minti ɗaya. Taurarin suka fito dogaye kamar tsinke, domin duniya tana juyawa, ba ta jiran kowa. Kashegari muka riƙa ɗauka daƙiƙa biyu biyu, har hoto ɗari uku, ƙanen nan ya haɗa su a kwamfuta suka zama ɗaya. Sai ga wani shuɗin hayaƙi siriri kewaye da taurarin! Uwargida ta ce, "Malam, ai gilashin ne ya yi datti."

Ba datti ba ne. Gajimaren ƙura ne a sararin sama, taurarin suna ratsawa ta cikinsa, haskensu yana dukansa. Wilhelm Tempel ya fara ganin wani sashensa a 1859, 'yan'uwa biyu kuma, Paul da Prosper Henry, suka ɗauki hotonsa a Faris a 1885. Ido yana ganin 'ya'ya shida ko bakwai, Galileo ya zana 36 a 1610, amma sun fi dubu. Masana sun ce shekarunsu wajen miliyan 100, wato jarirai ne in an gwada su da rana. Hasken da ya shiga kyamararmu kuwa ya yi shekara wajen 440 a hanya.

Hotonmu ba na gasa ba ne, amma yana manne a bangon aji. Yanzu yara su ke jawo iyayensu waje da dare.

Ya ku iyaye, ba sai da kyamara ba. Bayan an ci tuwo, ku kashe fitila, ku fita da 'ya'yanku, ku nuna musu, ku kuma faɗa musu sunan.