Daga Matsirga Zuwa Gurara: Fatsa Da Gashin Tsuntsu

Duk wanda ya san Kafanchan, da layin dogo ya san ta, domin tun 1927 ta zama mahaɗar jiragen ƙasa na Kaduna da Jos da Fatakwal. Amma ƙasar nan tana da wata dukiya da matafiyi bai cika lura da ita ba, wato ruwa.

Daga duwatsun Kagoro ƙoramu ke gangarowa. A Matsirga, kusa da Madakiya, ruwan yakan faɗo daga kan dutse da rugugi, ya taru a gurbi mai sanyi. Can yamma kuma, wajen Kagarko, ga madatsar ruwa ta Gurara, wadda ake jan ruwanta cikin bututu mai tsawon kilomita 75 zuwa madatsar Usuma don amfanin mutanen Abuja. Tafki ne makeke, masunta kuwa tuni suka kafa sansani a bakinsa da komaye da taruna.

To, akwai wata irin fatsa da ta dace da irin waɗannan wurare, wadda ta yi ƙarfi a Ingila da Amurka. Ba a sa wa ƙugiya tana. Gashin tsuntsu ake ɗaura mata da zare har ta yi kama da ƙwaro. Mai karatu ya san yadda kifi ke tasowa yana cafkar shinge bayan ruwan fari. Wannan kwaɗayi nasa shi ne asirin abin. Gashin zabo ko na zakara ya wadatar.

Tun da ƙugiyar ba ta da nauyi, igiyar ce ake yi mai kauri don ta ɗauke ta. Sandar kuwa mai lanƙwasa ce, tsawonta kamar ƙafa 9. Ana kaɗa ta baya, a dakata igiya ta miƙe, sa'an nan a aika gaba. Mai koyo ya fara a fili ba tare da ƙugiya ba, don kada ya kama kunnensa kafin ya kama kifi.

A tafki, kifi ba ya zuwa inda mutum yake. Mutum ne zai neme shi a bakin ciyawa, da gindin itatuwan da ruwa ya ci, da inda rafi ke shigowa. Sassafe da la'asar sakaliya sun fi, musamman bayan damina in ruwa ya washe. Karfasa da kawara sukan amsa. Tsage kuwa haƙoransa na yanke igiya, sai an haɗa da 'yar waya. Masu wannan fatsa daga Turai har kogin Faro na Kamaru suke zuwa neman tsage da giwan ruwa.

Baƙo ya fara gaida Sarkin Ruwa, ya nemi izini, ya kuma kiyayi santsin dutse da cutar tsargiya.

Abin tsoro shi ne masu zuba guba a ruwa da masu taru mai ƙananan idanu, waɗanda ke kwashe uwa da 'ya'ya. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta guba da nakiya, amma doka ba ta tsaron kanta. Mai fatsa ɗaya-ɗaya yake kamawa, ya mai da ƙanana ruwa. In muka bar rafukan nan suka mutu, me jikokinmu za su tarar?