Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Akwai wani malami a sashen kimiyyar kwamfuta na wata kwalejin ilimi da ke Arewa, wanda ya yi fiye da shekara 20 yana rubuta manhajojin kwamfuta, yana kuma koyar da ɗalibai yadda ake rubuta su. Tun yana jami'a ya fara da harshen BASIC, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a shekarar 1964, sannan ya koma Pascal, wanda Niklaus Wirth ya fito da shi a 1970. Waɗannan harsuna jerin umarni ne ake tsara wa kwamfuta: yi kaza, sannan ka yi kaza, idan kaza ta faru ka koma wuri kaza. Daga baya ya koyi C++ na Bjarne Stroustrup, daga ƙarshe kuma ya yada zango a kan Java, harshen da kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995. A nan ya samu wurin zama, har ta kai ɗalibai sun daina kiran sunansa, sai dai su ce Malamin Java.

Shi Java yana daga cikin harsunan da aka gina a kan tsarin abubuwa. Asalin wannan tsari daga ƙasar Norway ne, inda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka fito da harshen Simula 67 a shekarar 1967. Maimakon marubucin manhaja ya jera umarni kawai, sai ya fara ƙera mazubi, kamar dai yadda mai buga bulo yake da mazubi guda amma ya fitar da bulo dubu daga cikinsa. Idan aka ƙera mazubin ɗalibi, za a faɗi abin da kowane ɗalibi ya mallaka, wato suna da lamba da maki, a kuma faɗi abin da za a iya yi da su, kamar tara maki da fitar da matsakaicinsa. Kowane ɗalibi da aka shigar ya zama abu guda mai zaman kansa, kuma wani mazubin yana iya gadon halayen wani. Malamin ya san wannan tsari kamar yunwar cikinsa.

A shekarar 2021 sashensu ya yanke shawarar a fara koyar da ɗalibai Python, harshen da Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holand, ya fitar a 1991. Da aka ɗora masa wannan nauyi bai damu ba ko kaɗan. Ya ce wa abokan aikinsa shi ma Python na tsarin abubuwa ne, don haka mako biyu ya ishe shi. A ganinsa, wanda ya iya tuƙa tirela ba zai tsaya neman mai koya masa ƙaramar mota ba.

Haƙiƙa, da farko tsohon saninsa ya taimake shi. Bai buƙaci a yi masa bayanin mazubi ko gado ba, abin da yakan ɗauki sabon ɗalibi watanni kafin ya gane. Sai dai hannunsa ya ƙi barin abin da ya saba. Yakan sa waƙafi mai ruwa a ƙarshen kowane layi, alhali Python ba ya buƙatar haka. Yakan nemi baka biyu da zai killace umarni, alhali a sabon harshen tazarar da aka bari a farkon layi ita ce ke nuna inda umarni ya fara da inda ya ƙare. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, a Java tilas ne a bayyana irin kowane abu tun kafin a yi amfani da shi, lamba ce ko kalma, kuma ana iya kulle bayanan da ke cikin abu yadda na waje ba zai taɓa su ba. A Python kuwa babu wannan tilas, babu kuma kulle na gaske, sai ɗan layin da ake ja a gaban suna don a nuna cewa wannan na cikin gida ne. Malamin ya ɗauki hakan a matsayin sakaci. Ya ci gaba da rubuta Java cikin rigar Python, layi talatin a inda goma za su wadatar.

Da ƙarshen zangon karatu ya zo, sai ya ga dama ta samu da zai nuna cewa ya ƙware. Ya rubuta manhajar da za ta tara makin ɗaliban ajinsa su 140, na jinga da gwaji da jarrabawa. Ya gwada ta da ɗalibi guda, ya ga lissafi ya fita daidai, ya rufe kwamfuta da farin ciki. Ana gobe za a zauna taron sashe don tantance sakamako, bayan sallar isha'i, ya shigar da makin kowa, ya ba da umarnin a fitar da sakamako. Abin da ya fito ya sa gumi ya keto masa. Duk ɗaliban nan matsakaicin makinsu ɗaya ne. Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin da yaron da bai halarci rabin darussa ba, an ba su abu guda. Kwamfuta kuwa ba ta nuna alamar kuskure ko ɗaya ba. Da bai duba ba, da ya miƙa takardar da za ta tauye haƙƙin masu ƙoƙari, ta kuma ba waɗanda suka faɗi abin da ba nasu ba.

Ya karanta abin da ya rubuta daga sama har ƙasa sau biyar, bai ga aibu ba, domin da idon Java yake karantawa. Wajen ƙarfe goma na dare ya ajiye girman kai, ya kira wani tsohon ɗalibinsa da ke kula da ɗakin kwamfutocin kwalejin. Saurayin ya zo, ya rusuna ya gaishe shi, ya zauna ya duba. Bai yi minti biyar ba ya ɗago kai, amma ya kasa magana saboda nauyin malaminsa.

Malamin ya ce, "Faɗi abin da ka gani, ɗana. Ai don haka na kira ka."

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, jerin makin nan a jikin mazubin kuka ajiye shi. A Java, idan aka rubuta shi a nan, kowane ɗalibi zai samu nasa, sai fa idan an sa masa alamar cewa na kowa ne. A Python kuwa, abin da aka ajiye a nan na kowa da kowa ne. Idan ana so kowa ya samu nasa, sai a sa shi a sashen da ke aiki lokacin da ake ƙirƙirar kowane ɗalibi."

Malamin ya yi shiru na ɗan lokaci. Shi ɗan manoma ne, don haka nan take ya fassara maganar da abin da ya sani tun yana yaro. A gidansu akwai gandu, gonar da kowa ke nomawa a zuba amfaninta a rumbu guda, akwai kuma gayauna, wadda kowane saurayi ke noma wa kansa. Shi ya yi niyyar yanka wa kowane ɗalibi gayauna ne, ashe rumbun gandu ya gina, kowa ya zuba makinsa a ciki, aka kuma raba daidai wa daida. Gwajin da ya yi da ɗalibi guda bai tona asirin ba, domin mutum ɗaya a gida, gandunsa da gayaunarsa duk ɗaya ne. Layi guda aka sauya wa wuri, sakamako ya fito daidai.

A daren nan barci bai zo masa da wuri ba. Abin da ya dame shi shi ne, layin da ya rubuta ya yi kama da na Java sak, kuma kamannin ne ya rufe masa ido. Da a ce sabon harshen bai yi kama da tsohon ba ko kaɗan, da ya yi taka-tsantsan a kowane layi. Masu nazarin harshe sun daɗe da sanin irin wannan katsalandan da harshen farko ke yi wa na biyu. Bahaushe mai koyon Ingilishi yakan haɗa sautin "p" da na "f" ya mai da su ɗaya, saboda Hausa ba ta bambanta ma'anar kalmomi da su, kuma shi da kansa ba ya jin ya yi kuskure sai an nuna masa. Ashe harsunan kwamfuta ma haka suke. Wanda bai san komai ba yakan yi tambaya, wanda ya san makamancin abu kuwa yakan ɗauka ya riga ya sani.

Daga wannan rana ya sauya hanya. Ya sayi littafin rubutu ya raba kowane shafi gida biyu, gefe guda yana rubuta yadda Java ke yin abu, ɗaya gefen yadda Python ke yinsa, musamman a wuraren da rubutun ya yi kama amma ma'anar ta saɓa. Ya fara karanta manhajojin da ƙwararrun Python suka rubuta, don ya ga yadda masu harshen suke tunani da shi. A hankali ya gane cewa abin da ya kira sakaci zaɓi ne da aka yi da gangan. Java yana tsare marubuci da dokoki tun kafin manhaja ta fara aiki, Python kuwa yana sakar masa mara, ya ɗora masa nauyin gwada aikinsa da kyau. Kowanne da ribarsa, kowanne da farashinsa. Bai jefar da Java ba, domin tsarin da ya koya a cikinsa shi ne ya sa manyan manhajojinsa ba sa hargitsewa.

Da sabon zango ya kama, darasin farko da ya yi wa ɗalibai a kan mazubi ya fara shi ne da manhajar nan mai kuskure. Ya nuna musu sakamakon da kowa ya samu maki ɗaya, ya gaya musu cewa shi ya rubuta ta, tsohon ɗalibinsa kuma ya gyara masa. Sannan ya rubuta kalmomi biyu a allo, gandu da gayauna, ya ce duk wanda zai ajiye wani abu a cikin manhaja ya fara tambayar kansa a wanne daga cikinsu yake zubawa, kuma kada ya yarda da aikinsa sai ya gwada shi da ɗalibi fiye da ɗaya.