Ɗan Wasan Da Ba Shi Da Albashi

A ƙasar Ayalan akwai wata ƙwallo tasu ta gargajiya da ake kira Gelik, wadda ake bugawa da ƙafa, a kuma cafe da hannu. Abin da ya ja hankalina gare ta, ya mai karatu, shi ne wani matashi, David Clifford, ɗan gundumar Kerry, haihuwar 1999. A wasan ƙarshe na matasa a 2017, shi kaɗai ya zura wa Derry ƙwallo huɗu a raga. Ya shiga sahun manya a 2018, Dublin ta hana su kofin ƙasa a 2019, sai a 2022 suka ɗauka, aka kuma zaɓe shi gwarzon shekara.

To, duk wannan bajinta ba ta da albashi, domin kuwa dokar ƙungiyarsu ta GAA ta hana, kuma ba a cinikin ɗan wasa. Ɗalibaina da ke mafarkin kuɗin Ingila sun ƙi yarda da na faɗa musu. Sana'ar da Clifford ya koya irin tawa ce, koyarwa a sakandare. Nakan so in ga yadda ajinsa ke yi idan mutumin da 'yan kallo dubu 80 suka yi wa tafi ya ce a yi shiru.