Katakon da Ba Ya Waƙa

Mu da muka haura saba'in mun ga kiɗa yana ƙaura daga gida zuwa gida. Mun tarar da shi a garmaho mai wani, wanda sai an murɗa masa hannu kafin ya buɗe baki, da baƙin faifansa mai nauyi, mai hoton kare yana sauraro, wanda in ya suɓuce ya faɗi sai dai a share ɓaraguzai. Daga nan ya koma rediyogiram, dogon akwatin nan da ma'aikatan En'e da na reluwe kan girke a falo, a lulluɓe shi da kyalle mai ado. Kaset ya zo ya kore su, sidi ya kori kaset, yau kuma komai yana cikin waya. A kowace ƙaura an bar kaya a baya, kuma kayan da aka fi bari faifai ne. Suna nan cikin adaka da ƙarƙashin gado, muryar Mamman Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos na kwance a cikinsu, babu abin da zai tashe su.

Wannan ne ya sa da iyalan wani aminina, Allah ya jiƙansa, suka ce in zo in ɗauki tarkacen ƙarfen da ya bari a ɗakin ajiya, ban yi nawa ba. A cikin tarkacen akwai Garrard 401, injin juya faifai da aka ƙera a garin Swindon na Ingila tun tsakiyar shekarun 1960. Shi da yayansa, 301, an yi su ne don gidajen rediyo da masu son abu mai ƙwari, kuma tsirara ake sayar da su: inji da faranti da maɓallai kawai. Mazaunin da za a dasa shi a kai, da hannun da ke riƙe allura, mai saye ne zai nema. Aminina ya dasa nasa a wani akwatin katako marar kauri, gara kuwa ta riga ni zuwa.

Gyaran ƙarfen bai ba ni wuya kamar yadda jikokina suka zata ba. Wanda ya ƙera wannan abu ya san wata rana wani zai buɗe shi, don haka komai da sukuru aka ɗaure, babu inda aka liƙe da gam don a hana ka gani. Ka ɗaga faranti, ga cikin nan a fili. Inji yana rataye a kan sifirin, a bakinsa akwai ɗan ƙarfe mai hawa uku, ga kuma wata 'yar tayar roba da ke shiga tsakaninsa da bangon faranti ta ciki. In ka murɗa maɓalli, tayar ta hau ko ta sauka, gudun ya sauya: juyi 78 a minti ɗaya don tsofaffin faifan garmaho, 45 don ƙananan nan masu waƙa ɗaya a kowane gefe, 33 da sulusi don manya. Babban faifai mai dogon zango kamfanin Columbia ne ya fito da shi a 1948, ƙaramin kuma RCA a 1949, injin nan yana karɓar kowa.

Mafi yawan aikin wanki ne. Giris ɗin da aka zuba tun ina saurayi ya daskare ya yi tauri, sai da na jiƙa shi da kananzir na goge, na zuba sabo, na ɗiga wa injin man keken ɗinki. Tayar roba ita ce ta fi jin jiki, domin zafin ƙasarmu yana busar da roba, kuma an bar ta shekaru a manne da ƙarfe har gefe ɗaya ya lotsa. Taya mai lotsawa kuwa duk zagaye sai ta yi tuntuɓe, ka ji ƙwas, ƙwas a lasifika. Wannan ba ta gyaruwa, sai da wani ɗana da ke karatu a waje ya aiko da sabuwa. Abu ɗaya zan ja kunnen mai sha'awa a kai: wasu ƙarafan cikin irin waɗannan injuna an shafe su da sinadarin kadmiyam don hana tsatsa, in ya tsufa yakan yi fari-fari kamar gari, kuma guba ne. Kada a kankare shi a busa da baki. A goge da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke hannu kafin a taɓa abinci.

Inda na daɗe shi ne wajen katako, kuma nan ne na koyi abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A garmaho mai wani, ramin da ke cikin akwatin shi ne maƙogwaronsa. Babu lantarki, babu amfilifaya, allura ce ke kaɗa wani ɗan faifan ƙarfe, ƙarar ta bi ta bututu ta faɗa cikin akwati ta fito da ƙarfi. A injin lantarki kuwa wannan rami abokin gaba ne. Allurar ba ta san bambancin rawar da mawaƙi ya bari a cikin zanen faifai da rawar da inji ke yi a ƙarƙashinta ba. Duk abin da ya girgiza ta, waƙa ne a wurinta, za ta miƙa wa amfilifaya ya ninka. Injin Garrard ƙaƙƙarfa ne, in ka dasa shi a akwati mai rami, akwatin ya ɗauki gurnaninsa ya ƙara masa amo, sai ka riƙa jin wani ruri a ƙarƙashin kiɗa kamar babbar mota na ɗumama inji a bayan gida. Wannan rurin ne ya ɓata wa irin waɗannan injuna suna a shekarun 1970, mutane suka koma ga masu juyawa da bel ɗin roba, aka yi ta zubar da masu taya. Sai daga baya masu sauraro, musamman a Japan da Ingila, suka gane cewa rabin laifin na akwati ne. Suka shiga dasa su a kan katako mai kauri ko dutse, abin da aka yar a bola ya koma abin nema da tsada.

Na je wa wani kafinta a unguwarmu da zanen abin da nake so, yaro mai hankali, sa'an ɗan autana. Ya duba ya sake dubawa.

"Baba, wannan ai asarar katako ce. Akwati da fili ake yinsa a ciki. Ka bari in haɗa maka mai kyau da maɗaci, in sa masa ƙafafu."

Na ce, "Ɗana, filin ne ba na so. Ka taɓa ganin turmi mai nauyi yana rawa in ana daka?"

Ya yi dariya ya ce bai taɓa gani ba, amma kuma bai taɓa ganin mai sayen katako don ya cushe shi ba.

Maganar maɗaci ma sai da muka ja. Maɗaci itace ne mai kyau, ja, mai ɗaukar shafe, amma gungumen katako guda yana numfashi da yanayi. Da damina ya sha danshi ya kumbura, da hunturu iska ta tsotse shi ya tsuke, in bai bushe sosai ba ya tsage. Duk mai ƙofar katako a Arewa ya san watan da take cijewa da watan da take sakin jiki. Motsin da ba ya damun ƙofa yana damun garmaho, domin tazarar da ke tsakanin ƙarfen tsakiyar faranti da gindin hannun allura a milimita ake auna ta. In ta gota, allura ta zauna a karkace cikin zane, waƙar ta riƙa shaƙewa in an kusa tsakiyar faifai, faifan kuma yana cinyewa. Saboda haka muka yanka filawud mai kaurin milimita 18, muka jera shi hawa-hawa, kowane hawa an huda shi daidai gwargwadon abin da cikin injin ke bukata, ba a bar sarari ko na banza ba. Filawud siraran katako ne da aka liƙa jijiyar wannan ta gitta ta wancan, shi ya sa ba ya kumbura ta gefe guda. Muka shafe kowane hawa da gam, muka danne da buhunan siminti domin matsin da ke shagon bai isa ba. Maɗacin ya samu wurinsa a waje, siririn fallen da ya rufe gefuna.

Kafintan ya so a gama a mako guda. Na ce a bar shi ya ga ƙarshen damina ya shiga hunturu tukuna kafin a huda gurbin hannu. Ya ce, "Baba, kai da ka ce kana marmarin jin Shata?" Ina marmari. Amma a shekaruna na ga gine-gine da aure da kasuwanci da aka ɗora a kan abin da bai gama zama ba, na kuma ga yadda suka ƙare, wata uku ba su da yawa.

Da muka gama, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi sai da nishi. Na aro lebur na magina na daidaita shi a kan teburi, domin faranti in ya karkata allura takan jingina da bango ɗaya na zanen. Na auna nauyin da allura ke sauke wa faifai, giram biyu. Kan garmaho mai wani yakan haura giram ɗari, da allurar ƙarfe da ake jefarwa bayan kowane gefe. Wanda ya ɗora wannan a kan faifan roba na zamanin baya ya yi masa huɗa kamar gona, kuma na ga faifai da yawa da aka kashe ta haka cikin rashin sani.

Baƙo in ya shigo, allura yake yaba wa, ko lasifika, ko hasken farantin. Har yau babu wanda ya ce mini katakon nan ya iya aiki. In ya yi aikinsa ba a jin komai daga gare shi, kuma wannan shirun shi ne duk abin da na biya kuɗi na jira wata uku a kansa. Na yi aikin gwamnati shekaru masu yawa, na san irin waɗannan mutane a kowane ofis: akawun da fayil ba ya ɓata a hannunsa, masinjan da ya san inda kowace takarda take. Ba a kiran sunansu ranar walima. Ranar da suka yi ritaya ake fara jin ruri.

Saura magana ɗaya da masu gyara na Turai ba su cika damuwa da ita ba, mu kuwa dole. Gudun irin wannan inji yana bin bugun wutar lantarki. Wutar Nijeriya da Nijar, kamar ta Ingila, tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Wanda ya sayo injin da aka yi wa Amurka, ko ya sa taransifoma ya rage ƙarfin wuta, farantin zai yi juyin da bai kai 28 ba a maimakon 33 da sulusi, mawaƙi ya koma kamar mai jin barci. Sai an sauya ɗan ƙarfen bakin inji. Janareta ma haka: ƙaramin janareta sai ya yi juyi 3,000 a minti yake ba da bugu 50, in aka kunna firji ya nisa, muryar Shata ta nisa tare da shi. A gefen farantin Garrard akwai ɗige-ɗige da 'yar fitila, in gudun ya yi daidai sai ka ga ɗigon sun tsaya cik. To amma fitilar da injin daga wuta ɗaya suke ɗaukar lokaci. In janareta ya yi sanyi, su biyun suka yi sanyi tare, ɗigon su tsaya cik suna shaida maka ƙarya. Abin da ba ya ruɗuwa shi ne agogo: ka ɗiga alli a gefen faranti ka ƙirga, juyi ɗari cikin minti uku cif. Ni yanzu a kan inbata nake kunna nawa.

Jikana, wanda kullum yake cewa zai ƙwace mini kakarsa, ya tsaya yana kallo ranar da na fara ɗora faifai. Ya ce, "Tsoho, duk wannan wahala, waƙar nan fa tana cikin wayata." Na ce ya nemo. Ya samu wasu, wasu kuma babu su, waɗanda ya samu ma daga kaset ɗin da ya gaji aka kwafo su, kalangun ya dushe. Ban ga laifin yaran yanzu ba da ba su iya gyara ba, an ba su kayan da aka liƙe ne don kada a buɗe. Amma ya zauna ya ji gefe guda har ƙarshe, wajen minti ashirin, bai taɓa waya ba, kuma shi ya tashi ya juya faifan.

Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, kuma kamfanonin da suka buga faifansu a nan ƙasar sun daɗe da daina wannan sana'a. Abin da ya rage a hannun jama'a yake. Don haka ina roƙon duk mai faifai a gida, ko na mahaifi ne ko na kaka, ya fito da su daga ƙarƙashin kaya. A tsaye ake jera su kamar littattafai, ba a kwance ba, nesa da rana da jikin kwano, domin zafi yana tanƙwara su. A wanke da ruwa mai tsabta da ɗan sabulu kaɗan, a bi zanen a zagaye da tattausan kyalle, a kiyaye takardar tsakiya. Tsofaffin masu juyi 78 kada a kusance su da sifirit, narkar da su yake. In ba ku da injin, ku nemi mai shi a garinku, a ɗauki abin da ke ciki a kwamfuta, a rubuta sunan mawaƙi da lambar faifan, kafin a yi rabon gado a sayar da su wa 'yan gwangwan.