Jar Motar Baban Cameron

Wani dare na yi katoɓara a shirina na rediyo. Muna hira kan almubazzarancin masu shirya fim a Amurka, sai na ce a Ferris Bueller's Day Off na 1986 Ferrari sukutum suka jefa cikin kwazazzabo. Ban rufe baki ba wani bakanike ya bugo waya. "Malam, ka yi haƙuri, waccan ba Ferrari ba ce."

Gaskiyarsa. Ferrari 250 GT California ɗari da 'yan kai kawai aka taɓa ƙerawa, wa zai ba da tasa a farfasa? Wani ƙaramin kamfani, Modena Design, shi ya ƙera kwaikwayonta, gangar jikin ta roba mai ƙarfi, injin kuwa na Ford. Ta ainihin sai in kyamara ta matso kusa ake nuna ta. Abin mamaki, yau kwaikwayon ma dubban ɗaruruwan daloli ake sayensa a gwanjo, albarkacin fim ɗin.

Na ba masu sauraro haƙuri, amma ba kuskuren ne ya hana ni barci ba. A fim ɗin motar ta baban Cameron ce, mutumin da ke goge ta fiye da yadda yake duban ɗansa. Yaran suka sace ta suka sha yawo a Chicago, suka dawo suka ɗaga ta a jak, suka sa giyar baya wai lissafin tafiyar ya koma. Bai koma ba. Cameron ya dinga harbinta da ƙafa har ta zame, ta fasa gilashi ta faɗa ƙasa. Ya ce shi zai tsaya gaban babansa.

Ni ban tsaya ba. Ina ɗan shekara 17 na fita da Peugeot 504 ta Baba yana masallacin Juma'a, na goge ta da katangar maƙwabta. Da ya dawo, ƙanena ya gani da makulli a hannu yana wasa. Na yi gum. Dukan da ya sha ran nan har yau ina jin ƙararsa.

Baba ba ya barin shirina ya wuce shi. Da safe na je gaishe shi, yana kishingiɗe, rediyo a gefensa. Ya ce, "Yaron nan na fim, da uban ya dawo me ya yi masa?"

Na ce, "Ba a nuna ba, Baba."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in miƙo masa buta.