Idan 'Yan'uwan Ƙasar Waje Suka Sauka Gidanki A Daura

Da zarar Sallah ta matso, ko yara sun samu hutu a Ingila, Saudiyya ko Amurka, sai saƙon 'yan'uwa ya fara shigowa: "Muna nan tafe, kuma muna so mu ɗan yi aikin taimako." Abin murna ne, zumunta a ƙafa take. Sai dai baƙo raɓa ne. Sati biyu zai yi ya hau jirgi, ke kuwa ke za ki ci gaba da haɗuwa da maƙwabta a gidan suna da gidan biki. Saboda haka tsara ziyarar nan aikinki ne, kuma shawarata ita ce su fara ganin gari kafin su ce za su taimake shi.

Tun kafin su taso, ki yi musu maganar lafiya. Wanda ya daɗe a waje jikinsa ya daina sabawa da cizon sauro, yaran da aka haifa can kuwa ba su taɓa sabawa ba. Zazzaɓin da zai kwantar da ɗanki kwana biyu yana iya kai nasu ga suma. Su ga likitansu ya rubuta musu maganin kariya, wanda ake fara sha tun kafin tafiya, su zo da katin allurar shawara, ke kuma ki ɗaura gidan sauro a kowane gado. In da bazara za su zo, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, su yi rigakafin sanƙarau. Bayan sun koma ma, duk zazzaɓin da ya taso su gaya wa likita daga Nijeriya suke.

In sun huta, ki fara da rijiyar Kusugu. Tana cikin gari, an kewaye ta da gini, har yau da ruwa a cikinta. A nan za a ba yara labarin Bayajida, baƙon da aka ce ya fito daga Bagadaza, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa ta ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ake kira Sarki. Ya je da dare ya kashe macijin, ya auri sarauniya Daurama, daga zuriyarsa aka samu Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Ki bari yaran su ja guga da hannunsu, su wanke fuska. Na sha kuwa ki riƙe musu ruwan gora. Ki kuma ja hankalinsu ga wani abu a labarin: baƙon nan sai da ya ji daga bakin mai masauki abin da ke damun gari, sannan ya zare wuƙa.

Daga nan sai fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Faruk Umar Faruk, wanda ya hau karaga a 2007 bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bashar. Tun a gida ki koya wa yara cire takalmi, durƙusawa da "ranka ya daɗe". In zuwansu ya dace da watan Rabi'ul Awwal, sun yi sa'a, domin lokacin ake Sallar Gani, hawan da Daura ta yi suna da shi: dawakai cikin ado, dogarai, 'yan bindiga, kakaki da tambura. Ranar Lahadi kuma ku leƙa kasuwar Mai'aduwa, inda fatake daga Nijar ke shigowa da shanu, raƙuma da tumaki, iyakar Kongolam tana nan kusa. Yaron da bai taɓa ganin nama ba sai a leda, ranar zai sha kallo.

To, sai maganar taimako, inda zumunta ta fi samun tangarɗa. Abin da aka saba shi ne a zo da akwatin magunguna, a kafa rumfa a ƙofar gida, a yi wa jama'a awon jini wuni guda, a raba ƙwayoyin wata ɗaya. Hawan jini kuwa ba ya warkewa da maganin wata ɗaya. Ranar da ƙwayar ta ƙare, ƙofarki tsohuwa za ta ƙwanƙwasa da kwalin da babu irinsa a kemis ɗin garin. Ga kuma doka: ma'aikaciyar jinyar da ke da lasisin Ingila ba ta da izinin duba marasa lafiya a nan sai ta yi rajista da hukumar jinya da ungozoma ta Nijeriya.

Lokacin da yayata, wadda ita ma jinya take yi a Ingila, ta zo da 'ya'yanta, sai da muka gaida mai unguwa, sannan muka je ƙaramin asibitin da ke kusa da mu muka tambayi mai kula da shi, "Hajiya, me kuka fi buƙata?" Ta ce na'urar awon jini, sikelin jarirai da safar hannu. A Katsina aka sayo su, yadda ko sun lalace za a samu madadinsu. Yaya ta kuma zauna da matan unguwa a tsakar gida tana nuna musu ɗan zaren awon damtse mai launin kore, rawaya da ja. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, in damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, ya shiga ja ke nan, tamowa ce mai tsanani, sai asibiti ba tare da jira ba. An fi ganin haka da damina, kafin sabon gero ya shigo. Zaren yana nan a hannun matan har yanzu.

Ki kuma kafa sharaɗi kan hoto. Kada a ɗauki yaron maƙwabciyarki yana kwance a ɗora a Facebook don a ga ana aikin alheri. Uwarsa tana da waya, za ta gani, kuma fuskarki za ta tuna.

Sai abin da muke jin nauyin faɗa: kuɗi. Cefane, man janareta da na mota duk suna ninkuwa. Ku yi maganar a waya tun da wuri, cikin raha, da sanin maigida. Ki raba kwanaki yadda Gwaggo ta Zango da Kawu na Sandamu ko Baure kowa zai samu nasa wuni, kuma tsaraba ta bi ta hannun babba a dangi, kada a ce ke kika zaɓi wanda za a ba.

Ki bar musu yini ɗaya ko biyu babu zuwa ko'ina, yara su zauna gaban kakarsu a dama fura, ta yi ta gyara musu Hausa suna dariya. Allah Ya kawo mana su lafiya, Ya mayar da su lafiya, Ya bar zumunci.