Lamba Ba Ta Da Faransanci

Yau labarin wata takarda zan ba ku. Ta ɗan wani dattijo ce da ke karatun manya wajena, cikin wani ƙauye na fadamar Tarka, kusa da Madawa.

Dattijon manomin albasa ne. Rani biyu ya yi yana zuwa aji bayan la'asar. Hausa sannu sannu yake karanta ta, amma wajen lissafi babu mai kama ƙafarshi. Dillali ba ya cutar shi wajen ƙidayar buhu.

Wata rana da damina, aji na rufe, kowa na gona, sai ga shi ƙofar gidana da takardu cikin leda. Ɗanshi na biye da shi.

"Malam," ya ce, "ƙanenka ya ci bak."

Na yi mishi barka ƙwarai. Bak ita ce jarrabawar ƙarshen lise. Yaro zai yi shekara 6 a lakwal ta farko, 4 a kwaleji, 3 a lise. Shekara 13 ke nan, in bai maimaita aji ba. Wanda ya ci bak shi ke iya neman jami'a.

Dattijo ya ce, "An ba shi takardar neman wuri, da layi uku na zaɓi. Na ce ya rubuta likita a na farko, likita a na biyu, likita a na uku. Ya ƙiya. Ka yi mishi magana."

Yaro ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba.

Na san abin da ke ran dattijon, garin duka an sani. Uwar yaron bisa amalanke ta rasu, ana hanyar kai ta asibiti wajen haihuwa. Tun ranar ya ƙudura sai gidanshi ya fid da likita. Mutum irin wanga ba a ce mishi a'a da gaggawa.

Amma ni ma akwai abin da ke raina. A 2007 na ci birbe, jarrabawar ƙarshen kwaleji, a ƙasar Buza. Mahaifina bai iya karatu ba. Yatsa ya dangwala bisa takardata, bai san abin da ke ciki ba. Wani mushe ne ya ce mini in nemi lise, in kuma nemi makarantar horon malamai, kada in dogara da ƙofa guda. Haka na samu shiga makarantar malamai ta Kawsan a Tawa. Ina da aboki ɗan ƙasar Keita wanda ya fi ni kai nesa ba kusa ba. Shi makaranta guda ya nema, ta sana'a, wadda masu son ta sunka fi kujerunta yawa. Ya zamna jira. Ranar da sunaye sunka fito babu nashi, kuma sauran ƙofofi sun rufe. Bayan girbi ya bi ƴan garinsu bida Abijan. Har yau can yake, yana tura kaya a kasuwa. Kullum ya kira ni sai ya tambaye ni labarin aji.

To, sai na ce wa dattijo, "Baba, kawo takardar maki mu gani."

Ya ce, "Ai Faransanci ce, Malam. Mi zan gani ciki?"

Na ce, "Kalmomin ne Faransanci. Lamba ba ta da Faransanci. Takwas ɗin buhun albasa ita ce takwas ɗin nan."

Na ɗauko allo na rubuta mishi sunan kowane darasi da Hausa. Na ce kowane maki bisa 20 yake. Ya sa yatsa yana bi, yana faɗi da ƙarfi kamar cikin aji. Lissafi, 8. Fizik da shimi, 9. Ilimin tsirrai da dabbobi da jikin mutum, 14. Faransanci, 11. A ƙasan takarda, inda anka haɗa duka, 10 da ɗan ɗori. Shekara 13 yana biyan littafi da tufa da kuɗin abinci, ranar ce ta farko da ya karanta makin ɗanshi da idonshi.

Na gaya mishi yadda ake auna bak. Daga 10 an ci. Daga 12 an ci da ɗan yabo, daga 14 da yabo, daga 16 da babban yabo. Yaron bak ta D ya yi, ta kimiyya, wadda ake iya neman likitanci da ita. Wanda ya yi ta A, ta harsuna da adabi, wagga ƙofa ba tashi ba ce. Ke nan yaro yana da iznin nema. Amma samun wuri wata magana ce.

Na ce, "Baba, in mai mota ya zo sayen albasa zai kai Gana, motarshi buhu 300 take ɗauka, ku kuwa kun tara 1000 bakin hanya, yaya yake yi?"

Ya ce, "Manya masu kyau yake fara zaɓa. In mota ta cika ya tafi."

Na ce, "Haka sashen likitanci yake. Masu nema daga ƙasa duka suke zuwa, kujeru kaɗan. Maki ake dubawa, musamman na kimiyya."

Ya yi shiru. Can ya ce, "To, albasata wane tuli take?"

Na ce, "Tsakiya, Baba. Ba ta lalace ba, amma akwai waɗanda sunka fi ta girma."

Maganar ba ta yi mishi daɗi ba, ni ma ba ta yi mini daɗin faɗi ba.

Sai munka shiga ƙidayar ƙofofi. Lokacin da na ci birbe, jami'ar gwamnati guda ce, ta Abdu Mumuni a Yamai, wadda ta faro a 1971. A 2010 anka buɗe jami'o'in Tawa da Maraɗi da Damagaram. A 2014 anka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ta Tawa tana ɗauke da sunan Jibo Hamani, malamin da ya rubuta tarihin Adar. Ana karatun shari'a can, da tattalin arziki, da aikin gona. Digirin farko shekara 3 ne. Likitanci kuwa shekara 7 ne ko fiye, kuma Yamai tana da nisan kilomita kamar 500 daga Madawa. Duk wanga lokaci yaro zai ci, zai kwana. Akwai tallafin gwamnati da ake ce wa burs, amma ba kowa ke samun shi ba. Akwai makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu, su kuwa kuɗi ake biya kowace shekara. A Tawa yaron yana da kawu.

Washegari munka hau babur mu uku zuwa Madawa, wajen wani mushen lise da na sani. Abu biyu ya gaya mana. Na farko, sashen da ake rububi yakan cika da waɗanda sunka sa shi a layin farko, don haka abin da ka ajiye a layi na uku kana iya tarar da shi cike. Rubuta abu guda sau uku kuwa zubar da layi biyu ne. Na biyu, kowace makaranta da ranar rufe karɓar takardunta, kuma wata ba ta jiran wata. Mai jiran amsar wuri guda kafin ya nemi wani, shekara yake sawa a caca.

Dattijo ya ce, "Wanga ai binne ne." Kun san binne, shukar da ake yi cikin busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. In ruwa ya zo da kyau ka riga kowa. In ya yi yayyafi ya ɗauke, iri ya tafi. Ya ce shi bai taɓa binne da irinshi duka ba, kullum yakan rage na biyu cikin rumbu.

Nan ne yaro ya buɗe baki. Bai kalli ubanshi ba, ƙasa yake kallo. Ya ce, "Baba, ni aikin gona nake so in karanta. Kowace shekara muna zuba albasa cikin rudu muna jiran tsada, muna buɗewa mu tarar wata ta ruɓe. Ina so in san dalili."

Dattijo ya ce, "Noma? Noman da na sa ka lakwal don ka tsere mishi?"

Ni ɗan Buza ne, sai na tuna mishi Majiya. Layukan dogon yaro da anka fara dasawa can a 1975 don tare iska, masu ilimin itace da ƙasa ne sunka tsara su tare da manoma. Haka aikin raya ƙasa na Keita da ya faro a 1984, wanda ya mai da faƙo gona. Bai amsa mini ba. Wataƙila na yi yawan magana, don ciwon da ke ranshi ba na itace ba ne.

Ƙarshe dosiye biyu munka haɗa. Kowane da kofin takardar haihuwa, da ta ɗan ƙasa, da ta maki, da hotuna, duka da hatimin hukuma. Da kuɗin mota, tunkiya guda ta tafi. A na farko likitanci ke sama, don haƙƙin uba, kimiyya na biye. A na biyu, na Tawa, aikin gona ke layin farko. Da anka zo aikawa, dattijo ya karɓi alƙalami ya rubuta ranakun rufewa da kanshi bayan littafinshi na aji, don kada a manta.

Sunayen Tawa sunka fara fitowa, yaro na ciki. Dattijo ya ce a dakata. Mushe ya aiko cewa a je a yi rajista kafin rana ta wuce. Kwana biyu dattijo bai zo hira ba. Rana ta uku ya ba yaro kuɗin mota. Bayan mako uku na likitanci sunka fito, babu sunanshi.

Yanzu yaro yana shekara ta biyu a Tawa. In ya zo hutu, ubanshi yakan ce, "Ga likitan albasa ya iso," wani lokaci da dariya, wani lokaci babu. Bana ƙanwar yaron tana aji na uku a kwaleji. Duk takardar makin da ta kawo, dattijo yakan zo da ita aji, ya zamna gaba, ya fara duba layin lissafi.